Tsutsa ta san inda take ci, mu fa mun san inda muke zuba magani?

Maganarmu ta yau da ƴan uwanmu ƴan kasuwa take, maza da mata, tun daga masu sito da dillalan hatsi har zuwa mai awon tiya a bakin rumfa, da mai kasa tumatir, da mai sayar da maganin ƙwari cikin kwalba. Wani zai ce mene ne haɗin ɗan kasuwa da tsutsar gona, ai wannan aikin malaman gona ne. Haɗin kuwa a fili yake, domin duk abin da tsutsa ta ci a gona, cikin buhunmu ta ci shi, kuma duk maganin da aka zuba domin kashe ta, daga rumfar ɗayanmu ya fito, kuma sau da yawa cikin tukunyar ɗayanmu yake ƙarewa.

Abin da muke so a gane shi ne tsutsa ba ta cin shuka barkatai kamar akuyar da ta ɓalle. Kowace iri tana da wurin da take nema a jikin shuka, tana da lokacin da take zuwa, kuma masu bincike sun daɗe da sanin dalilin haka. Tana neman wuri mai taushi da ruwa-ruwa, irin sabon toho da fure da ƙwayar da ba ta ƙosa ba, saboda nan ne abinci mai gina jiki ya taru, kuma ƙaramin bakinta yana iya huda shi. Tana kuma neman maɓoya, inda rana ba za ta busar da ita ba, tsuntsu da zanzaro ba za su gan ta ba. A gefen bakinta akwai ƴan gaɓoɓin ɗanɗano da na sansano da take gwada ganye da su kafin ta ci. Sau da yawa ma uwarta ce ke yi mata zaɓin tun ba a ƙyanƙyashe ta ba, wato malam-buɗe-littafin nan na dare da ke faɗawa fitila, wanda ke ɗanɗana shuka da ƙafafunsa kafin ya aza ƙwai. To, wurin da ya haɗa taushi da maɓoya shi ne daidai abin da mu muke sayarwa, zangarniya da kwanson wake da ɗan tumatir, kuma shi ne wurin da feshi ba ya kai wa.

Mu ɗauki murzuna, tsutsar zangarniyar hatsi, wadda kowane manomi daga Tawa har Damagaram ya san ɓarnarta. Tun bayan farin 1972 zuwa 1974 ta zama babbar annoba a ƙasashen Sahel, kuma a shekara mai muni an ga gonakin da ta cinye fiye da rabin amfaninsu, har an taɓa auna asarar kashi 85 cikin 100. Sau ɗaya take zuwa a shekara. Wajen wata guda bayan ruwan shuka, uwar takan fito daga cikin ƙasa, ta riƙa yawo da dare tana neman zangarniyar da ta fito yanzu-yanzu, wadda ba ta gama bununi ba. Zangarniyar da ta riga ta yi ƙwaya ba ta dame ta ba. Takan aza ƙwanta galibi wajen ƙolin zangarniya, cikin kwana 3 zuwa 5 su ƙyanƙyashe. Ƴan tsutsotsin suna fara ci daga cikin furen, in sun yi girma sai su koma ƙasan ƙwayoyin, jikin sandar zangarniya, suna yanke ƴan wuyan da ke riƙe da ƙwaya suna tafiya a karkace. Wannan ne layin nan mai murɗewa da muke gani ya kumbura a jikin zangarniya, in an taɓa shi ya zube. Bayan kimanin wata guda tsutsa ta ƙoshi, sai ta sauko ta shige ƙasa, ta naɗe ta kwanta har damana mai zuwa.

A lura da lissafin nan da kyau, domin a nan kuɗin mutane ke halaka. Manomi ba ya ganin ƙwai, ba ya ganin ƙaramar tsutsa cikin fure. Abin da yake gani shi ne layin ɓarna, kuma ranar da layin ya bayyana tsutsar ta riga ta girma, tana ƙarƙashin ƙwayoyi masu cunkoso kamar mutum cikin ɗakin soro ana ruwa a waje. A ranar ne yake sayar da akuya ya zo kasuwa neman magani. Mai rumfa kuma ya miƙa masa kwalba, ya karɓi kuɗi, kowa ya yi wa kowa fatan alheri. Manomi ya je ya ɗaga famfo sama da kansa, tunda hatsi ya fi shi tsawo, iska ta maido masa da rabin maganin a fuska, sauran ya jiƙa bayan zangarniya ya bushe. Tsutsa tana ciki tana cin abinta. Ƙananan ƙwarin da ke farautarta kuwa, waɗanda ke yawo a fili, su ne feshin ya samu.

Manoman da, waɗanda ba su san kwalba ba, sun lura da wasu abubuwa da bincike ya zo ya tabbatar. Hatsin da ya riga na maƙwabta fid da kai shi ke shan duka, domin dukkan uwayen da suka fito a kansa suke taruwa, shi ya sa maiwa, wadda ke jinkiri, takan tsira. Zangarniya mai matsattsun ƙwayoyi ta fi wuyar shiga, haka kuma irin nan mai gashi, gargasa, ana ganin bai cika shan wahala kamar sauran ba. Mu da ke sayar da iri lokacin shuka ya kamata mu san wannan. In mutum ɗaya tak a ƙauye ya sayi iri mai saurin nuna alhali kowa na shuka na gargajiya, gaskiya ita ce a gaya masa gonarsa za ta zama teburin murzuna, sai dai in sun haɗa kai da maƙwabta sun shuka tare.

Abin da ya fi ba mu sha'awa, kuma ya fi ba mu haushi ganin yadda aka bar shi a hannun ƴan bincike da masu ba da agaji, shi ne maganin da ke bin tsutsar har cikin ɗakinta. Kowa ya san zanzaro, yadda yake gina ɗakin laka a kusurwar ɗaki ya cika shi da tsutsotsi domin ƴaƴansa. To akwai wani ɗan ƙaramin danginsa, bai kai ƙwayar shinkafa ba, ba ya harbin mutum, masana na ce masa Habrobracon hebetor. Macen tana bin layin murzuna, ta harbi tsutsar ta sandare, ta aza ƙwai a jikinta, ƴaƴan su fito su cinye ta. Yana nan a dajinmu tun asali, amma rani na rage shi ƙwarai, kafin ya yi yawa a damana murzuna ta gama aikinta. Daga 2006 masu binciken cibiyar INRAN da ke Tarna kusa da Maraɗi, tare da takwarorinsu na Mali da Burkina Faso, suka soma kiwonsa suna sakinsa da wuri. Dabarar ba ta da wani asiri. Ƴar jakar algarara ce ake zuba wa hatsi da gari, a sa tsutsotsin da aka kiwata guda 25 da mata biyu na wannan zanzaro, a rataye a gona ko a jikin itace lokacin da hatsi ke fid da kai. Bayan mako guda da ƴan kwanaki sabbi su fara fitowa ta ƙofofin algarara su bazu. Jaka 15 ake ba ƙauye guda, suna kuma kai wa gonakin da ke nesa da kilomita da dama, kuma a wuraren da aka gwada an ga sun kashe har kashi 80 cikin 100 na tsutsotsin.

Matsalar jakar nan guda ce, kuma matsala ce da ɗan kasuwa zai gane nan take. Zanzaro bai san iyakar gona ba. In Malam wane ya saya, gonar wanda bai saya ba ma ta amfana, saboda haka kowa sai ya jira wani ya biya. Kuma kowace shekara sai an sake saki. Wasu ƙungiyoyin manoma sun koyi kiwon suna sayarwa, amma sana'ar da mai saye ke jiran maƙwabcinsa ba ta tsayawa da ƙafarta da sauƙi. A nan muke ganin alhazan hatsi na da abin yi. Wanda ke aika mota ƙauyuka goma kowace kaka, yana ba da bashi tun bazara domin a biya shi da dami, shi ya fi kowa asara in zangarniya ta zo fanko. Kuɗin jaka 15 na ƙauye guda ba su kai abin da yake kashewa a gazuwal na tafiya ɗaya ba. Wannan ba sadaka muke roƙo ba, Alhaji, tsaron jari ne, kamar yadda kake biyan mai gadin sito.

Kafin mu bar hatsi, ga wata ƴar magana ga masu sayar da kara. Akwai tsutsar da ke huda karan hatsi tun yana ɗanye, ita kuma cikin busasshen kara take yin rani. Karan da aka tara a tsaye aka yi darni ko rumfa da shi, ko aka ɗora a amalanke aka kai wani gari, da baƙinsa yake tafiya. Sare shi da wuri a shimfiɗa a ƙasa rana ta gasa shi yana kashe da yawa daga cikinsu.

Sai wake, wanda shi ne kuɗin manomin ƙasar nan, tunda Nijar ce ta biyu a duniya wajen nomansa bayan Najeriya. Shi abokan gaba biyu gare shi, ɗaya a gona ɗaya a buhu. Ta gona tana farawa ne daga cikin fure, da rana tana ɓoye, da dare ta fito ta koma wani furen, tana ɗaure su da zare kamar na gizo-gizo. In kwanso ya fito, ba ko'ina take huda shi ba. Tana neman inda kwanso biyu suka manne da juna, ko inda kwanso ya jingina da ganye, nan take samun inuwa da wurin dafawa. Shi ya sa irin waken da ke ɗaga kwansonsa sama da ganye, kowanne a ware, ya fi tsira. Mai son ya yi mata feshi, ko da ruwan ƴaƴan bedi ne da aka daka aka jiƙa, lokacinsa shi ne farkon fure, da marece. In kwanso ya riga ya huje, an makara. A Najeriya, cikin 2019, an amince da wani iri da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar, SAMPEA 20-T, wanda aka sa wa abin da ke kashe wannan tsutsa a jikinsa. Ana ta muhawara a kansa, amma ko masu yabonsa sun yarda ba ya hana ƙwarin buhu.

Ƙwarin buhu kuwa namu ne, mu ƴan kasuwa, ba mu da wanda za mu ɗora wa. Uwar tana fara manna ƙwai tun a gona a jikin busasshen kwanso, ta ci gaba a cikin sito a jikin ƙwayar wake. Tana da tsari kamar mai rabon gado: tana taɓa ƙwaya, in ta ji wata ta riga ta aza ƙwai a kai, sai ta nemi wadda babu kowa, kuma ta fi son babba mai santsi. Tsutsar ba ta taɓa ganin waje ba. Daga ƙarƙashin ƙwan take huda ta shige cikin waken kai tsaye, a ciki take ci, a ciki take girma, sai bayan mako uku zuwa huɗu ta fito ƙwaro ta bar ramin nan da ke karya farashi. Mata masu awo, ku duba waken da aka kawo muku da kyau: ɗan farin ɗigon nan da ke manne a jikin ƙwaya, wanda ba ya fita da busawa, ƙwai ne, kuma in ya yi fari fat tsutsa ta riga ta shiga. Wake yana iya zama sumul ba rami ko ɗaya ranar saye, bayan wata biyu ya koma gari.

To, wanda ya yayyafa piya-piya a kan wake ya juya da shebur, me ya kashe? Ya kashe ƙwaron da ke yawo a waje. Tsutsar da ke cikin ƙwaya tana nan, za ta fito, shi ya sa ake sake yayyafawa, ana sakewa, har waken ya sha guba ya ƙoshi. Daga nan sai tukunyar mai ƙosai da mai ɗanwake da mai shinkafa da wake a bakin tasha, sai cikin yaran makaranta. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan wannan guba da aka samu a ciki, kuma kowa ya san waken Nijar da yawa ta kasuwar Dawanau ta Kano yake bi. Ƙwayar Phostoxin da ake jefawa cikin buhu ita hayaƙinta yana ratsawa, amma an yi ta ne domin sito mai rufi da ma'aikaci mai horo, kuma ajiye buhun da aka sa mata a ɗakin da mutane ke kwana ganganci ne da rai.

Tun 2007 aka kawo buhun nan mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, wanda ake kira PICS, aikin jami'ar Purdue ta Amurka tare da masu bincikenmu. Hikimarsa daga halin tsutsar aka ɗauko ta. Tunda ta kulle kanta cikin ƙwaya inda magani ba ya isa, sai a hana ta abin da ba ta iya rayuwa babu shi, wato iska. A ɗaure kowace leda daban, ƙwarin da ke ciki su shanye iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. Mun san ƙorafin da ake yi, kuma ba duka ne ƙarya ba: ya fi buhun banza tsada, akwai jabu a kasuwa, ɓera na huda shi, kuma ba a iya soka masa bututun ɗiban samfuri kamar yadda dillalai suka saba. Amma buhu ne da ake sake amfani da shi shekara biyu ko uku in an kula, kuma wanda ya ajiye wake tun kaka ya fito da shi a bazara ba rami ba wari ya san ribar da ya ci. Abin da ya rage shi ne mu masu saye mu bambanta farashi. Muddin waken da ya sha guba da wanda ya kwana a leda kuɗinsu ɗaya a tiya, mai guba ne zai ci gaba da riba.

Masara da tumatir ma labarin bai sake ba. Tsutsar da ta shigo Afirka ta Yamma daga nahiyar Amurka a 2016 tana shigewa can cikin zuciyar masara inda sabon ganye ke naɗe, ta toshe bayanta da kashinta, shi ya sa ɗan toka ko rairayi da aka zuba daidai cikin zuciyar yakan yi aikin da feshin gona gaba ɗaya bai yi ba. Ta tumatir kuwa, wadda aka fara gani a ƙasar nan a 2013 kuma ta sa jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a 2016, tsakanin fatar ganye ta sama da ta ƙasa take zama, a jikin ɗan tumatir kuma ƙarƙashin ƴar hular nan kore take shiga. Mai sayen kwando a lambu, ɗaga hular ki duba kafin ki biya.

A kan kayan lambu akwai laifin da yake namu, mu da masu cefanen da muke biye wa. In an kawo shu ko zogale da ƴan ramuka a ganyen waje, sai mu karya kuɗinsa ko mu ƙi shi. Mai lambu ya ji haka sau ɗaya, sau biyu, sai ya koma ya yi feshi ana jibi zai yanka, domin kayansa su yi ƙyalli. Ramin da ke ganyen waje ana ɓare shi a yar. Maganin da aka fesa shekaranjiya ba ya fita duka da wanki.

Ba mu ce a rufe rumfunan maganin ƙwari ba. Masu su iyali gare su, kuma akwai ranar da magani ne kaɗai mafita, kamar shekarar fara ta 2004. Abin da muke nema gare su kaɗan ne. Kafin a miƙa kwalba a tambayi manomi wace shuka ce, wace tsutsa ce, kuma ina ta kai, a waje take ko ta shige. In ta shige, a gaya masa gaskiya ya riƙe kuɗinsa, ko a nuna masa ofishin malaman gona. A duba kuma ko kwalbar na ɗauke da lambar amincewar kwamitin ƙasashen Sahel mai tantance magungunan ƙwari, domin da yawa daga cikin waɗanda ke shigowa ta kan iyaka ba su da ita. Sarakunan kasuwa da shugabannin ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai suna iya kiran malamin gona rana guda kafin damana, ya zo da zangarniya mai murzuna da kwanson wake da jakar zanzaro ya aza a kan tabarma, masu rumfuna su gani da idonsu. Watan Mayu ya fi dacewa, kafin a fara sayar da iri, kuma tun lokacin ya kamata alhazan hatsi su ba da sunayen ƙauyukan da za su saya wa jaka, domin masu kiwon zanzaro na bukatar makonni kafin su tara abin da za a saki a watan Agusta.